Tun da Inna ta faɗi a bayi, bango take bi

"Assalamu alaikum. Daga Tawa nake rubuto miki. Innata ta haura shekara 70, kuma tun rasuwar Baba tana wurina. Har damanar da ta wuce da ƙafarta take zuwa kasuwar Lahadi, ita ke kiwon awakinta, ita ke tsince hatsinta. Wata asuba ta shiga bayi kama ruwa, santsin karon da aka shimfiɗa a daɓen ya kwashe ta. Ta kusa awa ɗaya a ƙasa kafin mijina ya ji kiranta, shi da ɗan maƙwabta suka ɗauko ta. Mun kai ta likita, aka yi radiyo, aka ce babu karaya, buguwa ce. Buguwar ta warke tuni, amma yau wata huɗu Inna ba ta tafiya sai tana bin bango. In na miƙar da ita sai ƙafafunta su sandare kamar icce, ta rinjaya baya, ta ƙanƙame ni har farcenta ya shiga fatata. Ta daina zuwa suna da biki, salla ma a zaune take yi. Yayana da ke Abijan, wanda ya aiko da kuɗin da aka sa mata karon, ya ce kada a ƙara barinta ta motsa, a ɗauko yarinya ta yi mata komai. Gwaggonmu ta ce iska ce ta shafe ta a bayi. Mijina ya ce son jiki ne, tunda lokotoro bai ga komai ba. Shekaranjiya haƙurina ya ƙare, na fizgi hannunta na ce, 'Inna, ba abin da ya same ki!' Ta yi kuka, ni ma na shiga ɗaki na yi nawa. Ciwo ne ko tsoro ne? Wa zan bi cikinsu?"

Wata ɗiya, daga Tawa

Wa alaikumus salam, ƴar'uwata. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne farcen nan da ya shiga fatarki. Mai son jiki ba ya riƙe mutum haka. Wannan riƙon wanda ya ga rami a gabansa ne, ko da ke ba ki ga ramin ba.

Tsoro ne, amma irin wanda ya sauka daga zuciya ya zauna cikin tsoka har ya canza yadda ƙafa ke aiki. Likitoci sun daɗe da saninsa. Tun 1982 wasu likitoci biyu a Ingila, Murphy da Isaacs, suka rubuta abin da suka gani ga tsofaffi 36 da aka kwantar bayan faɗuwa: da yawansu ba su iya tafiya sai da mariƙi, kuma duk abin da hannunsu ya kai gare shi sai su cafke. Da Faransanci sunansa syndrome post-chute. Ki riƙe sunan, zai yi miki amfani ranar da kuka koma gaban lokotoro. Radiyo ƙashi take nunawa, ba ta ɗaukar hoton wannan.

Bari in nuna miki abin da ke gudana a jikinta, don in kin gane shi haushin zai ragu. Tsayuwar nan da muke ɗauka ba komai ba ce, aiki ce da ba ta yankewa. Wanda ke tsaye kullum yana ɗan layi gaba da baya, kaɗan ƙwarai yadda ido ba ya kamawa, jiki kuma yana ta gyarawa. Wuri uku yake samun labari. Ido na faɗa masa inda bango da ƙasa suke. Can cikin kunne akwai ƴan bututu masu ruwa da ke jin duk juyin da kai ya yi. Sannan a cikin tsoka da gaɓoɓi da tafin ƙafa akwai ƴan jijiyoyi masu jin miƙewa da nauyi. In kika rinjaya gaba, tsokar sha-raɓa ta ɗan miƙe, saƙo ya tafi lakar baya ya dawo, tsokar ta ja ki ta mai da ke daidai, duk kafin ki san an yi. Irin wannan zaburar ce lokotoro ke gwadawa in ya buga ƴar gudumar roba a ƙasan gwiwa, ƙafa ta harba da kanta. Ki dubi mai tallan fura tana keta kasuwa da ƙwarya bisa gammo, tana amsa gaisuwa, tana kauce wa amalanke. Wuyanta da ƙugunta da idon sawunta duk a sake suke, kowace gaɓa tana ɗan ba da kai. Haka Inna ta yi tafiyarta shekara da shekaru, ba ta taɓa tuna cewa tana da ƙafa ba.

Tsoro na shigowa sai ya ɗaure abin da ke sake. A jami'ar British Columbia da ke Kanada, Mark Carpenter da abokan aikinsa sun yi shekaru suna gwada wannan. Sukan tsai da matashi lafiyayye a gefen wani dandamali, su ɗaga shi sama har mita 3.2. Inda yake takawa bai canza ba, ƙafafunsa na ɗazu ne. Amma sai a ga ya ja jikinsa baya, tsokar gaban ƙwauri ta ɗaure, layin da yake yi ya ƙanƙance ya koma sauri-sauri kamar makyarkyata. In aka buga masa agara, ƙafar ta zabura fiye da yadda ta yi yana ƙasa. Abin da ya fi taɓa ni cikin binciken shi ne, mutanen kan ji suna tangaɗi fiye da abin da awo ya nuna. To, ga Inna tsakar gidanku ta zama wannan dandamalin. In ta ce miki ji take za ta kife, abin da jikinta ke gaya mata ke nan.

Ƙanƙamewar tana da ɗan amfani ga wanda zai tsaya cak a bakin rijiya na ɗan lokaci. Wajen tafiya kuwa cutarwa take. Tsokar gaba da ta baya na ja lokaci guda, gaɓa ta ƙage, taku ya gajarta, ƙafa ba ta ɗaguwa sosai daga ƙasa, sai bakin tabarma ma ya isa ya sa tuntuɓe. In an yi tuntuɓen, abin da ke ceton mutum shi ne ya jefa ƙafa da sauri ya tare kansa, sandararriyar ƙafa kuwa ba ta da wannan saurin. Kowane ɗan kabu-kabu ya san fasinja mai tsoron moto, wanda ke sandarewa a baya, in an karya kwana ya ƙi bin moton, har ya kusa kayar da su duka biyu. Sai kuma hankali. Tafiya aiki ce da jiki ya iya da kansa, amma mai tsoro yakan ƙwace aikin ya miƙa wa tunani: ina zan sa wannan ƙafar, yaya zan ɗaga waccan. Tunani bai kai jiki sauri ba. Idonta na kafe kan yatsunta, ba ta hango turken akuya sai ta iso kansa. Shi ya sa "yi hankali, Inna, yi hankali!" da muke ta faɗa da kyakkyawar niyya ke ƙara ɗaure ta.

Yayanki ƙauna ce ke magana a bakinsa, da kuma wani abu da wataƙila bai furta ba: da kuɗinsa aka sa karon da ya kayar da mahaifiyarsa, yana can nesa, babu abin da ke hannunsa sai waya da aike. Fargabarsa kuma tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke rasuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 suka fi yawa cikinsu. Duk da haka shawararsa ce mafi haɗari cikin ukun, kuma sai kin gaya masa cikin ladabi. Tsokar tsoho ba ta jure zama. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa lafiyayyu kwana 10 a gado, suka tashi sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu. Na ga wannan da idona a gidanmu nan Yamai. Kakata ta faɗi a dokin ƙofa, muka zaunar da ita bisa katifa don so, muka hana ta ko ɗaukar buta. Kafin shekara ta zagayo mutum biyu ke ɗaga ta. Har yau in na tuna yadda take bin mu da ido muna yi mata abin da ta iya yi da kanta, sai zuciyata ta yi nauyi. Zama ya kawo rauni, rauni ya sa miƙewa ta yi wuya, wuyar ta tabbatar mata cewa tsoronta gaskiya ne, ta ƙara zama. Ki roƙi yayanki ya juya kuɗin yarinyar aiki wajen gyaran bayi da biyan kine, wato ma'aikacin lafiya mai horar da tsoka da gaɓoɓi. In kuma an ɗauko yarinyar, aikinta ya zama rakiya: ta tsaya kusa, Inna na yi da hannunta.

Mijinki ya ji an ce babu karaya, sai ya ɗauka babu komai. Ba sai kin yi gardama da shi ba. Ki tambaye shi yadda gwiwoyinsa suka yi ranar da ya fara leƙa rijiya mai zurfi, ko ya hau soro babu mariƙi, sannan ki roƙe shi kada kalmar son jiki ta sake fita inda Inna za ta ji. Gwaggo kuwa ba zan ja da ita kan addu'a ba. A yi tofi, a yi addu'ar shiga bayi da Inna ta sani tun tana yarinya, duk abin da ya kwantar mata da rai yana sassauta tsokar ma. Abin da nake roƙo a bari shi ne tsaga, da hayaƙi a rufaffen ɗaki, da jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, don wasu na sa jiri. Kuma a daina faɗa a kunnenta cewa akwai abin da ke jiranta a bayi.

Akwai abu ɗaya cikin wasiƙarki da kika wuce da sauri, ni kuwa ina ganin nan ƙullin yake. Dattijuwar da ta yi rayuwarta da mutuncinta ta kwanta awa guda a jiƙaƙƙen bayi, tana kira babu mai ji, kuma wanda ya zo ya ɗauke ta surukinta ne, mutumin da ko cin abinci ba ta yi a gabansa. Mai yiwuwa ba zafin buguwar take gudu ba kamar maimaituwar wannan asubar. Wata rana da dare, in ku biyu ne kawai, ki tambaye ta a hankali abin da ya fi tsaya mata a rai game da ranar. Kada ki yi saurin cewa "ai ya wuce." Ki bar ta ta faɗa har ta gama.

Kafin a fara komai, ku koma likita, don santsi ba ya hana a ce akwai wani dalilin a ƙarƙashi. A auna mata tansiyo tana kwance, a sake aunawa bayan ta miƙe, saboda wasu jininsu kan faɗi in sun tashi, ido ya yi duhu. Ki zuba duk magungunan da take sha a leda ki tafi da su, har waɗanda aka saya wajen ƴan tebur, musamman na barci da na hawan jini. A duba suga, don yakan kashe jin tafin ƙafa. A duba ido ko akwai yana. In tana jin ɗaki na juyawa idan ta juya a shimfiɗa, ki faɗa, galibi daga cikin kunne ne kuma ana gyara shi da wani juyin kai da likita ke yi. Ki nemi a tura ku wajen kine. Amma in kin ga ɓari ɗaya ya yi rauni, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko ciwon kai mai ƙaruwa da yawan barci da ruɗewa, ko zafi a matsematsi duk lokacin da ta taka, wannan ba na jiran gobe ba ne. Ki kuma lura da ruwan da take sha. Tsofaffi da yawa na rage sha don gudun zuwa bayi, kuma a zafin Tawa na watan Afrilu da Mayu wannan kaɗai ya isa ya kawo jiri.

Gyaran gida ba shi da tsada. A shimfiɗa roba mai kama ƙasa bisa karon, ko a cire shi a yi daɓen siminti mai kaushi. Mai walda ya kafa ƙarfen riƙo a bango daidai ƙugunta. A sa kujera mai ƙwari ta wanka da alwala, fitila mai sola a hanyar bayi, fo kusa da gado don dare, da ƙararrawa ko waya inda hannunta zai kai. Silifan da ya suɗe a jefar, a samo takalmi mai kama dunduniya. Zane ya tsaya bisa idon sawu. Igiyar awaki ta bar hanya.

Sai aikin kansa, wanda shi ne magani. An tattara gwaje-gwaje masu yawa a ƙasashe daban-daban, aka ga motsa jikin da ke horar da tsayuwa da ƙarfin ƙafa na rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ku fara da kujera mai ɗan tsawo, a jingine ta da bango. Inna ta matso bakin kujerar, ta ja ƙafafunta baya ƙarƙashin gwiwa, ta sunkuyo har hancinta ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ta miƙe. Sunkuyowar nan ita ce abin da tsoro ya ƙwace mata, shi ya sa take rinjaya baya. Sau biyar da safe, sau biyar da la'asar. In ta miƙe kada ta taka nan take, ta tsaya ta ja numfashi, ta sauke kafaɗu. Bayan kwana kaɗan ta dafa taga ta yi ɗage ta sauka, ta mai da nauyinta ƙafar dama sannan hagu, ta ɗan yi layi da gangan don jikinta ya tuna cewa layi ba faɗuwa ba ne. Riƙon kuma a riƙa rage shi: hannu biyu, hannu ɗaya, har ya koma kan yatsa bisa bango. Ɗan taɓin yatsa, ko babu nauyi a kansa, yana ba ƙwaƙwalwa labarin da ke rage tangaɗi. Ku fara a daɓe mai ƙarfi, rairayin tsakar gida sai daga baya.

Yadda kike riƙe ta ma yana da tasiri. In kika tsaya gabanta kika ja hannuwanta, jikinta zai turje ya koma baya, kamar yadda ya faru shekaranjiya. Ki tsaya gefenta, ɗan baya kaɗan, ki ba ta damtsenki ta dafa, ɗaya hannun naki a bayan ƙugunta. Maimakon "ɗaga ƙafa," ki ce "Inna, mu je wajen randa," ta ɗora ido kan randar. Tafiyar ta zama mai dalili: yau a kai wa akuya dusa, gobe a leƙa zaure, jibi a gai da maƙwabciya. In ana bukatar sanda, tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannunta in ta saki hannun, kuma ba abin kunya ba ne, sarakuna ma da sanda suke fita. Don ku ga ci gaba da idonku, ki auna mita 3 daga kujera. Ta tashi, ta je, ta juyo, ta zauna, kina duba agogon waya. Likitoci na ɗaukar sakan 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Yanzu za ta wuce haka nesa, kada wannan ya dame ku. Ki rubuta duk Juma'a, ki nuna mata yadda lambar ke sauka, ki tura wa yayanki ma.

In ƙarfi ya fara dawowa, a koya mata tashi daga ƙasa, kine na kusa in da hali, bisa katifa ko dardumar da ta yi kauri. Ta mirgina gefe, ta hau gwiwa da tafin hannu, ta rarrafa zuwa kujera ko gado, ta dafa, ta kafa ƙafa ɗaya, ta ɗago ta zauna. Rabin wannan ta san shi daga tasowa daga sujada. Ranar da ta tabbatar cewa ko ta faɗi za ta iya tashi ba sai an ɗauke ta ba, za ki ga kafaɗunta sun sauka.

Batun salla kada ya zama abin matsi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Sallarta a zaune salla ce. In ranta na son tsayuwa, ta fara da kabbarar harama a tsaye kusa da bango, kujera na bayanta, sauran ta cika a zaune, a riƙa ƙarawa yadda ta ji.

Mai yiwuwa ta ƙi yi da ke. Uwa kan ji nauyin ɗiyarta ta zama malamarta, balle bayan abin da ya shiga tsakaninku. In haka ne ki ja baya, ki sa jika, ko wata ƙawarta ta makarantar islamiyya da za ta zo su yi tare suna hira. In kuma kin ga ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, tana yawan cewa ita ta gama amfani, ki faɗa wa lokotoro wannan ma a fili, don baƙin ciki mai zurfi kan biyo bayan faɗuwa kuma ana maganinsa.

Ke kuma, ƴar'uwata, wata huɗu kina ɗagawa kina zaunarwa, ga gida ga miji ga waya daga Abijan. Wanda ya gaji yakan yi abin da ba halinsa ba. Ki raba aikin da wasu, ko rana biyu a mako ki samu ki miƙe bayanki. Yau da dare ki kai mata furarta da kanki, ki durƙusa ki ce, "Inna, ki gafarce ni, na gane ba da gangan kike yi ba." Gobe da hantsi, kafin rana ta yi zafi, ki jingina kujerar da bango, ki ajiye ƙwaryar dusa inda za ta hango ta, ki tambaye ta ko za ta gwada miƙewa sau ɗaya. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji inda lambar ta kai.